A Bakin Rijiya Ake Fara Fiziks

Kwanakin baya wani ɗalibina na da, wanda yanzu yake aji biyar na sakandare, ya same ni a gida da littafinsa a hannu. An ba su tambaya a darasin fiziks: nawa ne aikin da aka yi idan aka ɗaga kaya mai kilo 10 zuwa tsayin mita 15? Ya haddace ƙa'idar tsaf, amma ya rasa ta inda zai kama. Na tambaye shi, "Kai, ba ka taɓa jan ruwa a rijiya ba?" Ya yi dariya, don kullum da asuba aikinsa ke nan.

Sai muka lissafa tare. Guga mai cin lita 10 yana ɗauke da ruwa kilo 10, kuma ƙasa tana jan wannan nauyi da ƙarfin kusan niyuton 100. Idan zurfin rijiyar mita 15 ne, a ninka ƙarfi da nisa, a sami jul 1,500. Wannan shi ne kuzarin da ke fita daga damtsensa a kan kowane guga. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ashe abin da nake yi ne." Na ji daɗi, amma kuma na ji kunya, domin shekara shida yana hannunmu ba mu haɗa masa littafi da rijiya ba.

Ra'ayina shi ne, faɗuwar yaranmu a fiziks ranar jarrabawar WAEC da NECO a firamare take soma tsiro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mukan cika allo da ma'anar ƙarfi da kuzari cikin Ingilishi, yara su rera kamar karatun aku, su tashi ba su ga komai ba.

Za a ce mini ba mu da ɗakin gwaji. Haka ne, kuma wajibi ne ƙungiya ta ci gaba da neman haƙƙinmu. Sai dai Tambuwal da Kebbe cike suke da kayan aiki. Yara biyu su ja igiya gefe guda, ƙarfinsu ya haɗu. Su ja ta suna fuskantar juna, ƙarfin wannan ya kashe na wancan. Nan take sun gane cewa ƙarfi yana da girma, yana kuma da alƙibla. Mai kwale-kwale a gulbi ya san haka: idan ya tuƙa mita 4 zuwa ƙetare, ruwa ya ja shi mita 3 zuwa gangare, tafiyarsa ta zama mita 5 a karkace. Shi ya sa yake karkata goshin jirginsa wajen da ruwa ke tahowa. Dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687 suna aiki a kan amalanke kamar yadda suke aiki a kan jirgin sama.

Za a kuma ce da Ingilishi ake jarrabawa. Ban musa ba. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yaran firamare da Yarabanci, ya nuna harshen uwa ba ya tauye yaro. A fahimtar da shi da Hausa, sannan a ba shi sunan abin da Ingilishi.

Ina roƙon shugabannin reshenmu na NUT su shirya zama sau ɗaya a kowane zango, malaman fiziks na sakandare su zauna da mu, su nuna mana inda yaranmu ke tuntuɓe. Kafin nan, kowannenmu ya shiga aji da guga da igiya a wannan mako. Allah Ya sa mu sauke amanar da aka ɗora mana.