Daga Kaset Zuwa Memori: Wa Zai Adana Waƙoƙin Shata?

DUK wanda ya ratsa ta bakin tasha a garin Daura da yamma zai tarar da su: samari zaune a ƙarƙashin lema, kwamfuta a kan ɗan tebur, wayoyi jibge ana caji, sipika na ta amo. Su ne 'yan turi. Mutum ya miƙa memori, ya biya 'yan kuɗi kaɗan, kafin ya gama shan ruwan leda an shaƙe masa shi da finafinai da waƙoƙi. Mutumin Baure ko Zango da ya shigo cin kasuwa, da baƙon da ya ƙetaro daga Nijar ta Kongolam, duk sai sun ɗan tsaya nan kafin su hau mota.

Ko shakka babu, an samu sauƙi. Wanda ya yi wayo a zamanin kaset ya san wahalar da aka sha. Rikoda ta cinye zare, a zaro shi a hankali, a sa biro a naɗe. Kaset ɗin bidiyo kuwa sai an je shagon haya an bar jingina, a dawo gida Nepa ta ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Yanzu duk wannan ya wuce. To amma akwai wani abu da ya bi kaset ya tafi, kuma ba kowa ya lura ba.

Mai karatu, gwada wannan. Je ka wajen mai turi ka ce ya sa maka waƙoƙin Alhaji Mamman Shata. Zai sa maka, har da yawa. Amma buɗe ka gani. Wata babu suna, sai lamba. Wata an yanke mata kai, wata an datse ta ana tsakiyar amshi. Wata ma ba ta Shata ba ce, ta wani makaɗin ce aka cusa a ciki. Ka tambayi yaron wa aka yi wa waƙar, a wace shekara, a wane gari, sai ya yi dariya ya ce shi ma haka aka tura masa.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a Daura shi ne, a nan Shata ya ke kwance. Haifaffen Musawa ne, ya yi zaman sa a Funtuwa, ya rasu a asibiti a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, amma a Daura aka yi masa sutura, garin ubangidan sa, marigayi Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Waƙar da ya yi wa Sarkin har gobe ta na cikin bakandamiyoyin da ake tunawa da shi da su. Mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, wanda shi da kan sa ya ce bai san adadin waƙoƙin sa ba, yau ga shi a cikin memori babu ko suna!

Shekara biyu bayan rasuwar sa, a 2001, aka fara wayar GSM a Nijeriya. Daga nan komai ya riƙa gudu. Sidi ya kori kaset, memori ya kori sidi, yanzu kuma YouTube da TikTok na neman korar memori. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙaura, sai an bar wasu kaya a tsohon gida. Abin da wani ya ɗauki nauyin juyawa shi ne ya tsira. Wanda ba a juya ba ya na can cikin kwali a ƙarƙashin gado, zafin bazara na narkar da shi, laimar damina na sa masa fumfuna, har ranar da uwargida za ta gaji ta ba yara su yi wasa da zaren.

Kada 'yan fim su ɗauka wannan matsalar makaɗan gargajiya ce kawai. 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, shi ake kira mafarin finafinan Hausa na bidiyo. 'Sangaya' da 'Wasila' su ne su ka juya kasuwa a wajajen 1999 da 2000. To, finafinai nawa ne na wancan zamani za a iya samun kwafin su mai kyau a yau? Furodusoshi nawa ne ke riƙe da masta ɗin aikin su? Yaron da ya tashi da 'Labarina' da 'Izzar So' a waya, idan ya nemi ganin inda aka faro, sau da yawa sai dai a nuna masa wani dusu-dusun hoto da aka ɗauko daga kaset ɗin haya.

Hasali ma, waya kan ta ba rumbu ba ce. A duba hawan Sallar Gani: da zarar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya fito, hannuwa sama, kowa na ɗauka. Amma a nemi na bara a gani. Wani wayar ta faɗa ruwa, wani an sace, wani ya goge don wuri ya cika. A da mai kyamara ɗaya ne, kaset ɗaya, kuma ana ajiye shi kamar zinari.

Ba a ce a koma wa kaset ba, wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kuma 'yan turi ba su ne abokan gaba a nan ba, duk da kukan da furodusoshi ke yi da su kan haƙƙin mallaka, wanda shi ma kuka ne mai dalili. Abin da ake buƙata aiki ne mai sauƙi. A yi shela, duk mai tsohon kaset ko faifan garmaho ya kawo aro. A juye shi a kwamfuta, a rubuta sunan waƙa da wanda aka yi wa, a maida wa mai shi kayan sa. Dattawan da su ka halarci wuraren da aka yi waƙoƙin nan su na raye, su ne za su faɗi wane ne wane. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura cike da ɗaliban kwamfuta, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ga iyalan mawaƙan da ya kamata a nemi izinin su. Idan fada ta sa baki, babu wanda zai hana kaset ɗin sa.

Garin da ya iya adana rijiyar Kusugu tun zamanin Daurama, bai kamata ajiyar muryar baƙon da ya ke kwance a ƙasar sa ta gagare shi ba. Sai dai a hanzarta, domin kaset ba ya jira, dattawan ma haka.

Allah ya jiƙan Shata, ya sa a farga da wuri, amin.