Darussan sana'a a wayar salula: da wane harshe za su isa Gidigir?

Tun zamanin shugaba Mahamadou Issoufou Nijar ta ɗora buri a kan koyon sana'a. An buɗe cibiyoyin CFM a ƙananan hukumomi da kwalejojin fasaha na CET, amma gina aji ya fi sauƙi a kan samun malamin walda ko na lantarki da zai yarda ya zauna nesa da birni. Wannan giɓin ne ake fatan cikewa da darussan da ake shiryawa a kwamfuta, ɗalibi ya kalla a waya.

Hanyar sadarwa ta fara buɗewa. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai intanet ƙauyukan Nijar, kuma Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025. Sai dai a gari kamar Gidigir, da ke kan babbar hanyar Damagaram zuwa Gure, kuɗin data da cajin waya ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan manomi. Darasin da sai da intanet yake buɗewa, na ƴan birni ne. Wanda zai yi amfani shi ne gajeren bidiyo da ake saukewa sau ɗaya, a zuba a katin memori, ya bi hannu-hannu kamar yadda finafinan Kano suke yawo.

Babbar tambayar ita ce ta harshe. Yawancin masu zuwa CFM yara ne da karatun boko ya tsaya musu da wuri, ko ba su taɓa shiga ba. In aka ɗauko littafin Faransanci aka mayar da shi allon waya, an sauya mazubi ne kawai, wahalar tana nan. Kundin da hukumomi suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ga wurin da ya kamata a ga amfaninsa. A yankin Gure kuwa, inda Mangawa suke da yawa, Hausa kaɗai ma ba za ta wadatar ba, sai an haɗa da muryar Kanuri.

Abin da za a koyar shi ma daga kasuwar garin zai fito: gyaran babur, haɗa sola, injin ban-ruwa na lambunan kwari. Bidiyo zai nuna yadda ake kwance kabireta sau goma ba gajiya, amma sifana da tsohon injin da yaro zai gwada hannunsa a kai, dole a saka kuɗinsu a kasafi ɗaya da na darasin.