ZANCEN GIDA: Waya Ta Fara Jin Hausa, Wa Zai Duba Rubutunta?

 Wannan wata za mu yi magana a kan wata 'yar alama da ke cikin wayar kusan kowa, watau alamar makirufo, wadda a kan danna a yi magana a ciki. A nan wajenmu, daga unguwar Jama'a zuwa Samaru har Sabon Gari, da wuya mutum ya shiga mota bai ga wani ya kai waya bakinsa yana yi mata bayani ba, sai ka ce da mutum ya ke magana.

Waɗanda su ka kai shekarunmu sun tuna yadda a ke aika saƙo gida a dā. Uwa ta kan kira ɗan makaranta ta zaunar da shi, tana faɗa yana rubutawa, sa'an nan a kai wasiƙar tasha a ba direban da zai nufi Kafanchan, ko Zonkwa, ko Malumfashi. Can kuma sai an nemo wani ɗan makaranta ya karanta. Asirin gida sai ya bi ta hannun yara biyu kafin ya kai. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, amma saƙon rubutu bai taimaki wanda bai iya karatu ba. Sai a 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya. Daga nan tsohuwa da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta sami ikon aika gaisuwarta da bakinta, jikanta da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ya ji ta sa'ad da ya fito daga aji. Kamfanin ya ce a 2022 ana aika saƙon murya biliyan 7 kowace rana a duniya. Ba mu da abin zargi a nan. Abin godiya ne.

Har ma akwai wani amfani da murya ta fi rubutu, musamman a harshenmu. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ga misali. An sallami Baba daga asibiti, sai 'yarsa ta rubuto wa ƙanenta da ke gida, "Baba ya sha magani." Me ta ke nufi? Ya riga ya sha ne, ko kuwa umurni ta ke bayarwa a ba shi ya sha? A takarda kalmomin ɗaya ne. A baki kuwa ko yaro ɗan shekara biyar ba zai rikita su ba, gama a na fari a kan ja "ya" da murya sama, a na biyu a kan gajarta shi da murya ƙasa. In saƙon ya shafi magani, ko kuɗi, ko ranar biki, muna ganin ya fi kyau a faɗe shi da baki.

Amma ba a nan maganar ta tsaya ba. Yanzu waya ba ɗaukar murya kaɗai ta ke yi ba, tana juya ta zuwa rubutu. Da Turanci an daɗe ana yin haka. Siri ta shigo wayar iPhone a 2011, Google Assistant kuma ya zo a 2016, har mutum ya kan ce wa waya ta kira wane, ko ta tashe shi ƙarfe biyar na asuba. Masu ciwon ido da tsofaffi su ne su ka fi cin moriyar wannan, in dai suna da ɗan Turanci. Shawara ɗaya a nan: a sa wa kowa cikakken suna a cikin waya. Wanda ya ke da "Mama" uku a wayarsa, ya ce a kira Mama, kada ya yi mamaki in surukarsa ce ta ɗauka.

Hausa ta shiga fassarar Google a 2013, amma a rubuce. Sai a watan Oktoba na 2024 kamfanin ya ba da sanarwa cewa ya ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda waya za ta saurara ta rubuta, Hausa tana ciki tare da Yarabanci da Ibo. Mai wayar Android da ke da allon rubutu na Gboard zai shiga wurin saiti ya ƙara Hausa cikin harsuna, sa'an nan ya danna makirufon da ke kan allon (ba na WhatsApp ba), ya yi magana. Kalmomin za su riƙa fitowa yana gani.

Yaya ta ke yin haka? Ba jin Hausa ta ke yi kamar mutum ba. An tara muryoyin mutane masu yawa tare da rubutun abin da su ka faɗa, an ba kwamfuta, har ta koyi cewa irin wannan sauti da irin wannan kalma su ke tafiya. Sa'ad da ka yi magana, sai ta zaɓi kalmar da ta fi kama da abin da ta saba ji. Hasashe ke nan, ko da ya ke hasashe ne mai ƙarfi. Saboda haka ta kan yi tuntuɓe inda hayaniya ta yi yawa, kamar tsakiyar kasuwar Sabon Gari ko kusa da janareto. Sau da yawa kuma sai da intanet ta ke aiki sosai. Ta kan kuma yi tuntuɓe da irin Hausarmu ta nan, gama a ikkilisiya ɗaya za ka sami Bazazzagi, da mutumin Kagoro, da mutumin Pankshin, kowa da harshen da ya taso da shi, ga kuma Turanci da a ke sakawa a tsakiyar zance. Sunayen ƙauyuka da na mutane kuwa, sai an yi haƙuri. Akwai wani shiri na Mozilla mai suna Common Voice, inda kowa zai iya karanta jimloli a ɗauki muryarsa kyauta domin koyar da irin waɗannan na'urori, Hausa ma tana ciki. Samari da 'yan mata masu wadatar data su duba shi.

To, ga tambayar da ta dame mu a matsayin malaman makaranta. In waya ta rubuta, wa zai duba? Wasu iyaye sun fara cewa wahalar koyon rubutun Hausa ta ƙare, tun da ga na'ura tana yi. Mu kuwa muna ganin yanzu ne a ke bukatarsa sosai. A ɗauki baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ, ɗ, da ƙ. A Zariya ɗin nan a ka yi aiki mai yawa a kan rubutun boko. Dokta Walter Miller ya zauna a birni tun 1905, mishan ya koma Wusasa daga baya, an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a 1939. Mutanen wancan zamani ba domin ado su ka sa wa baƙaƙe ƙugiya ba. Mace ta ji wani tsegumi a kan maƙwabciyarta, ta so ta kāre ta, ta ce, "Ƙarya ce." In ƙugiya ta faɗi, abin da zai isa wurin mutane shi ne "karya ce." Wa zai kashe wannan wuta? Haka ɗoki ya kan zama doki, ƙashi ma ya kan zama abin da ba a faɗa a gaban abinci. Lamba kuma ta fi haɗari. In an faɗi kuɗin makaranta ko lambar asusun banki da baki, a ƙirga baƙaƙen da ido ɗaya ɗaya kafin a aika.

Muna lura da yaran da ke zuwa aji. Da yawa bakinsu ya nuna, suna iya zuba labari na minti biyar a waya ba tare da tsayawa ba, amma a ba su alli su rubuta jimla uku, sai zufa. Ba mu ce laifin waya ba ne ita kaɗai. Amma yaron da bai taɓa bukatar rubuta wa kakarsa ba ya rasa wata makaranta da mu muka shiga ba tare da mun sani ba.

Saƙon murya ma yana da nasa ladabi. Magana zarar bunu ce. Abin da ka faɗa da fushi ƙarfe goma na dare yana nan a wayar wani da muryarka, ba ka da halin musu, ana kuma iya tura shi zauren zumuntar mata kafin gari ya waye. WhatsApp yana ba mutum dama ya saurari saƙonsa kafin ya aika. A riƙa yin haka. A kuma gajarta, gama wanda ke cikin aji ko wurin aiki ba shi da inda zai zauna ya ji gaisuwar minti bakwai kafin a zo kan magana. Game da saƙonnin da a ke turowa daga nesa, mu tuna da watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da a ka tashi mutane da dare ana ce musu su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Jaridu sun ba da labarin waɗanda a ka kwantar a asibiti, har da waɗanda su ka rasu. Mutane sun yarda ne domin daga bakin ɗan'uwa su ka ji. Yanzu kuma na'ura tana iya kwaikwayon muryar mutum. In murya ta zo tana neman kuɗi da gaggawa, ko da ta ɗanka ce, ka kira shi a lambar da ka sani.

Ga abin da mu ke roƙon kowane gida ya gwada a wannan wata. Bayan abincin dare, a ba kaka waya ta faɗi tatsuniya, ko sunayen kakanninta da garin da su ka fito, jimla jimla, a hankali, waya tana rubutawa. Yaro ɗan aji huɗu ko biyar ya karanta mata da ƙarfi. Inda ta ce, "A'a, ba haka na faɗa ba," sai ya gyara da hannunsa, ya mayar da ƙugiya inda ta faɗi. In an gama, ya kwafe shi da biro cikin littafin rubutu, ya sa kwanan wata da sunan wadda ta faɗa. Littafin kuma a ajiye shi cikin akwati tare da takardun haihuwa.