Uwargida, Hitar Banɗakinki Ta Tsufa?

Duk wadda ke zaune a Yelwa, Ngaski ko Shanga ta san yadda sanyin bakin ruwa ke ratsa ƙashi da asubar hunturu. A lokacin ne hitar bango, wato tankin nan mai dafa ruwa da lantarki, take shan aiki: ga alwala, ga wankan 'yan makaranta, ga na mai jego.

Galibi irin wannan tanki shekara 8 zuwa 12 yake yi. In ruwa ne kawai ya daina zafi, mai gyara zai iya canza ƙarfen da ke dumama shi. In kuma kin ji yana ƙugi, laka ce ta taru a gindinsa, musamman in ruwan kogi ko rijiya ake zubawa. A juye a wanke.

Amma in ruwan zafin kaɗai ke fitowa jajir da tsatsa, ko jikin tankin kansa yana ɗiga, to ya ruɓe daga ciki, faci ba zai riƙe shi ba, sai sabo. Idan kuwa famfo ya taɓa jan ki, ko yaya ne, kashe wutar nan take, kada a kunna sai mai aikin lantarki ya duba.

Ki shaida wa maigida cikin lalama tun sanyi bai kankama ba. Kafin Allah Ya hore kuɗin, tukunya da murhu sun wadatar. Yaranmu amana ce a hannunmu. Allah Ya tsare mana iyali, amin. Sai wata mai zuwa.