Jemage Da Miyar Kuka: Karatun Da Ya Kamata A Fitar Daga Cikin Aji

Akwai wani fannin ilmi wanda mu ke ganin ba a ba shi hakkinsa a makarantunmu ba, watau sanin yadda halittu su ke zaune da juna, da kuma yadda su ke dogara ga ƙasa da ruwan wurin da su ke. A kan koya wa yaro sunayen itatuwa da na dabbobi, ya haddace, ya ci jarrabawa, amma in an tambaye shi abin da ya haɗa jemage da miyar kuka sai ya yi zuru. Alhali kuwa wannan haɗin shi ne ainihin karatun, shi ne kuma zai amfane shi ran da ya zama manomi, ko malamin gona, ko akawun da takardar neman izinin sare daji za ta biyo ta teburinsa.

Bari mu fara da shimfiɗar ƙasa. Wanda ya taso daga bakin teku ya nufo arewa zai ratsa dazuzzuka iri iri, kowanne da kamanninsa, abin da ya raba su kuwa shi ne yawan ruwan sama da tsawon rani. A bakin teku, inda Kwara ta ke shiga, ruwan shekara ya kan wuce inci 100, daga nan sai kurmi mai duhu, ƙasar kwakwa da goro. Gaba kaɗan sai dajin doka da maje da doguwar ciyawa, irin na wajen Kaduna, inda doya da dawa su ke jin daɗi, ƙudan tsando kuwa ya daɗe yana wahal da shanu. Sa'an nan ƙasar Kano da Katsina, mai ruwa wajen inci 30, ƙasar kuka da tsamiya da gawo. Daga Nguru zuwa arewa sai ƙaya da ƙarangiya, aduwa da dakwara, ƙasar gero da kiwo, har a kai Agadas inda ruwan shekara duka ba ya cika inci 10. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da iyakar abin da zai iya ɗauka na noma da kiwo da saran itace.

A cikin kowane daji kuma, babu halittar da ta ke zaune ita kaɗai. A shekarar 1935 wani masanin tsire-tsire na Ingila, Arthur Tansley, ya ba da shawara a riƙa duban masu rai da ƙasa da ruwa da iskar wurinsu a matsayin abu guda mai aiki tare. Tsiro shi ne mafari, domin shi kaɗai ke haɗa abinci daga hasken rana da ruwa da iska. Fara da akuya su ci tsiro, balbela ta ci fara, kura ta ci akuya, ungulu ta share mushe, gara da tana da buzuzu su mai da ragowar cikin ƙasa ta zama taki. Masana sun auna cewa wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai na ƙarfin abinci ya ke wucewa daga wannan mataki zuwa na samansa, shi ya sa ciyawa ta fi barewa yawa, barewa kuma ta fi zaki. Jemagen nan da yara su ke jifa, shi ke kai ƙurar fure daga wannan kuka zuwa waccan da dare, haka ya ke yi wa ɗorawa. In ya ƙare, 'ya'yan kuka za su ragu, sababbin itatuwa su ƙi tasowa, kalwar daddawa ta yi tsada.

Gawo ya isa misali. Da damina ya kan zubar da ganyensa, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci, su bar kashinsu a gindinsa. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake da gyaɗa su ke yi. Kakanninmu ba su shiga aji ba, amma sun san geron gindin gawo ya fi na fili, don haka ba su sa masa gatari.

To, mene ne ke faruwa in aka taɓa abu ɗaya ba a dubi sauran ba? Fadamar Haɗejiya da Nguru ta ba da amsa. A da ruwa ya kan malala da damina, ya janye da rani. Mai shinkafa ya shuka, masunci ya kama kifi, in ruwa ya janye Fulani su kawo shanu, tsuntsaye kuma su zo tun daga Turai su yi hunturu. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da a ke sakowa kuma ya hana waɗansu wurare bushewa da rani. Sai kacalla, wadda ba ta son kome sai ruwan da ba ya ƙafewa, ta mamaye hanyoyin ruwa da gonaki, jan baki kuma ya sami maɓoya a cikinta yana afka wa hatsi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba mu ce gina madatsa laifi ne ba. Birnin Kano na shan ruwanta, manoman rani masu yawa kuma da ita su ke ci. Haka nan ba za a ce wa mace kada ta nemi itacen girki ba, ko a hana magidanci faɗaɗa gonarsa alhali iyalinsa sun ƙaru. Maganarmu ita ce a yi lissafi cikakke tun kafin a fara aiki, a sa mutanen da ke can ƙasan kogi cikin lissafin, domin abin da aka ɓata cikin shekara ɗaya ya kan ci shekaru kafin ya gyaru.

Gyara kuwa yana yiwuwa, maƙwabtanmu na Nijar sun nuna. Bayan farin shekarun 1970, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, dashen itatuwa kuma yawanci ba ya kamawa. A 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma su ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan da ke da rai ne a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, sai su zama itace da sauri, tun da saiwa ta riga ta kafu. Aka kira dabarar sassaben zamani. Ta yaɗu sosai bayan da hukuma ta sassauta dokar daji, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin da zai ci shi tara ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ma'aikatan ofis su lura da wannan: alƙalami ya kan tsai da itace kamar yadda ya kan kā da shi.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su fitar da wannan darasi daga cikin aji. A zaɓi itace guda kusa da makaranta, yara su riƙa rubuta lokacin da ya ke fure, da abin da ke zuwa kansa, da abin da ke tsirowa a gindinsa, tun daga bazara har kaka. A kafa gwangwanin auna ruwan sama, a ajiye littafinsa shekara da shekara. A gayyato tsohon manomi ko makiyayi ya faɗi itatuwan da ya sani da ƙuruciya waɗanda yanzu babu su. Wannan duka ba ya bukatar ko sisi.

Ku kuma ma'aikatan hukuma, in takarda ta zo gabanku ta neman yanka gandun daji, ko rufe burtali, ko tare rafi, kafin ku sa hannu ku tambaya: wa ke ci daga wurin nan yanzu, mutum ko dabba, ina kuma zai nufa in an hana shi? Makiyayin da aka toshe wa burtali ba ya ɓacewa, gonar wani zai ratsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar ƙasar da za mu bar wa na baya.