Kada mu guje ma ƙara mu faɗa ma hayaƙi

 Muna fatan zubi na tafiya daidai a kowace ƙungiya.

A zamanmu na makon jiya, bayan an buɗe akwati an ƙirga kuɗi, wata ƴar ƙungiyarmu ta nemi rance. Muka ce sana'ar me za ki yi? Ta ce wallahi ba sana'a ba ce, barci take nema. Maƙwabcinsu ya kafa injin niƙa a jikin bangon ɗakinta, tun hantsi har bayan isha'i yana aiki, jaririnta ba ya barci, ita ma kanta na sarawa. Wani ya ba ta shawara ta sayi guntayen soson katifa da kwalayen ƙwai ta manna ma bango da gam, wai haka samari masu ɗaukar waƙa ke yi ma ɗakunansu. Ba mu hana ta kuɗin ba, mun dai ce ta dakata mako guda mu bincika. Ga abin da muka samo, don mun san ba ita kaɗai ba ce. Wata janareta ke damunta, wata lasifikar mai shago, wata kuma ɗanta ne ya riga ya cika ɗaki da soso.

Da farko mu gane cewa matsalar iri biyu ce. Akwai amsa-kuwwa: ɗakin siminti da rufin kwano, babu kaya a ciki, magana na bugun bango tana dawowa. Maganin wannan shi ne abu mai laushi da ke shanye sauti. Akwai kuma ƙarar da ke shigowa daga waje. Ita wannan ba ta jin tsoron laushi, nauyi ne ke tare ta, da toshe kafofin da take bi. Shi ya sa ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na kakanninmu ya fi na kwano shiru. Kun ga ke nan, soso da kwalin ƙwai ba su da nauyin da zai tare injin niƙa. Da ƴar uwarmu ta saye su, da kuɗin sun tafi, ƙara na nan, ga bashi a wuya.

Asarar kuɗin ma mai sauƙi ce idan aka duba haɗarin. Soson katifa daga man fetur ake samo sinadarinsa. In ya kama wuta yana ci da sauri, yana narkewa yana ɗigowa, kuma baƙin hayaƙinsa na ɗauke da guba mai kayar da mutum kafin ya kai ƙofa. A watan Janairun 2013, a garin Santa Mariya na ƙasar Birazil, wuta ta kama soson da aka manna a rufin wani gidan rawa don rage ƙara, mutum 242 suka mutu, akasarinsu hayaƙin ne ya kashe su. Shekara 10 kafin nan, a 2003, irin wannan soso ya ci ran mutum 100 a Amurka. To ina ga ɗakinmu mai ƙofa ɗaya, inda muke kunna turaren wuta, da maganin sauro mai hayaƙi, da kyandir in an ɗauke wuta? Farin kumfan nan da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin shi ma haka yake ci, kuma ba ya rage ƙara.

Kwalin ƙwai takarda ce, wuta ba ta wahala a kansa. Wanda aka riga aka yi amfani da shi yana zuwa da kashin kaji da fasasshen ƙwai, ramukansa kuwa gida ne ga kyankyaso da kuɗin cizo. Da damina ya sha laima ya yi funfuna, mai asma da ƙananan yara su ne za su fara tari.

Akwai kuma kayan gini biyu da ya kamata mu sani. Na farko audugar gilas, wata rawaya mai kama da auduga da ake cirowa daga tsofaffin gine-gine. Tana shanye sauti ƙwarai, amma in an bar ta a buɗe tana sa ƙaiƙayin fata da ido da maƙogwaro. Wurinta cikin bango ko bayan rufi, a rufe ruf, kuma mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi. Na biyu tsofaffin falankan rufi masu launin toka, waɗanda wasunsu ke ɗauke da asbesto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa na kawo kansar huhu, kuma cutar sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Ko kyauta aka ba ki, kada ki yarda a yanka shi ko a huda shi a gidanki. Gam mai ƙarfin wari irin na masu gyaran takalma shi ma ba na ɗakin kwana ba ne: tururinsa na sa jiri da ciwon kai, kuma yana kama wuta.

To me za mu yi? Abin yi na cikin gidajenmu.

Don amsa-kuwwa, ki rataye labule mai kauri na auduga, ko gwado, ko bargo, ki bar shi da tattara, da tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango. Ki shimfiɗa tabarmar kaba ko darduma a ƙasa. In kina shakkar yadi, ki zare ɗan zare ki ƙona a tsakar gida: auduga tana warin takarda ta zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Na auduga za ki ɗauka. Amfanin labule a kan soso shi ne ana cire shi a wanke a shanya a rana, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Don ƙarar waje, ki nemi kafar da take shigowa. Tsagar bango a cike ta da laka ko siminti. Ƙarƙashin ƙofa a ɗinka doguwar jaka a cika ta da yashi a tare. A janye gado daga bangon da ƙarar ke fitowa, a jingina kabad cike da tufafi a wurin. Mai hali ta ƙara layin tubali a jikin wannan bango, ya fi komai aiki. Amma kada a jera buhunan wake ko hatsi da aka sa ma ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin kwana da sunan tare ƙara, iskar wannan ƙwaya na kisa.

Kashedi biyu, ƴan uwa. Zana da kara da tabarma namu ne, ba su da warin sinadari, amma busasshiyar ciyawa ce. Ba mu manta gobarar azuzuwan zana ta Yamai a watan Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a watan Nuwamban 2021, kowacce ta ɗauke mana yara 20 ko fiye. Allah ya jiƙansu. In za a sa tabarma a ƙarƙashin kwano don rage ƙarar ruwan sama da zafi, ta yi nesa da wayar lantarki da fitila, kuma kada wani abu ya tare ƙofa. Na biyu, kada neman shiru ya sa ki toshe taga da duk wata kafar iska. Ɗakin da aka rufe ruf aka kunna gawayi a ciki, iskar da ke tashi ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take kashe mutum. Murhun gawayi waje ne wurinsa, ko da sanyi.

Ita ƴar uwar tamu fa? Mu uku muka raka ta wurin mai injin, da sallama da girmamawa. Muka ce Malam, ba faɗa ya kawo mu ba, haƙƙin maƙwabtaka ne. Ashe bai san jijjigar na bin bango har gadon jariri ba. Ya yarda ya janye injin daga jikin bangon, ya ɗora shi kan tsofaffin tayoyi, kuma ya riƙa kashewa da magariba. Ita kuma ta ɗauki rabin abin da ta nema da farko, ta sayi yadin labule ta biya magini ya cike tsaga. Ƙarar ba ta ɓace duka ba, amma yaro na barci.

A zamanku na gaba, bayan an rufe akwati, ku tambayi juna: ɗakin wa ke da soso ko kwali a bango? In na ɗanki ne, ki karanta masa wannan shafi, ku cire shi tare.

Allah ya tsare mu da iyalanmu. Sai fitowa ta gaba.