Wa ke gwada masu ba mu shawara a likita? Batun takardar shaida a Damargu

Jama'ar Tanut da Belbeji, da ƴan uwa masu bin shafinmu daga Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya, sharhinmu na wannan mako ya shafi wani aiki da ba a cika maganarsa ba, alhali kusan kowane gida ya taɓa cin karo da shi. Aikin ba da shawara ne da kwantar da hankali. Akwai matar da ke zaunar da uwa a sashen tamowa tana koya mata yadda za ta ciyar da yaronta. Akwai wanda ke magana da mutum kafin gwajin sida da kuma bayan sakamako ya fito. Akwai ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ake kai wa yarinyar da aka ci zarafinta, da mai tarbar ɗan ci-ranin da aka koro daga Aljeriya ta Asamaka ya dawo gida hannu wofi. Waɗannan mutane su ne ke jin sirrin da ko ɗan uwa ba ya ji. To wa ya gwada su, ya tabbatar sun iya?

Takardun da ke hannun masu wannan aiki iri biyu ne, kuma mutanenmu da yawa ba su bambanta su. Ta farko ita ce wadda ake kira atestasiyo. Ƙungiya ta tara mutane kwana biyar ko goma, ta ba su horo, ranar rufewa kowa ya karɓi takarda. Abin da take shaidawa shi ne mutum ya halarta, kuma wanda ya koyar shi ne ya sa hannu. Ta biyu ita ce difloma ta gwamnati, wadda ba a samunta sai an zauna jarrabawar da wasu daga waje suka shirya kuma suka gyara.

Wannan gwaji na waje ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk uban da ɗansa ya yi BEPC ko Bak ya san yadda abin yake. Tambayoyin ba malamin ajin ne ke fitar da su ba. Ana rufe sunan ɗalibi a kan takarda, a sa lamba, don mai gyara kada ya san ta wa yake riƙe da ita. A Bak, shugaban alƙalan jarrabawa malamin jami'a ne da ake turowa, kuma hukumar OBEECS da ke Yamai ce ke tsara komai, har da jarrabawar BTS ta ƙasa. Hikimar a fili take. Mai koyarwa yana son ɗalibinsa, mai makarantar kuɗi yana son a ce nasa duk sun ci. Ko ba su yi niyyar ha'inci ba, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idon mai gida yakan ga kayansa da kyau.

A fannin kiwon lafiya ma an bi wannan hanya. Da can makarantun gwamnati, wato ENSP ta Yamai mai sunan Damure Zika da ENSP ta Damagaram, su ne manyan wuraren horar da ma'aikatan jinya, unguwarzoma da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Da makarantun kuɗi suka yawaita, sai aka kafa jarrabawa guda ta ƙasa, wadda ɗaliban makarantun gwamnati da na masu zaman kansu ke zama tare kafin a ba su takardar shaida. Wannan ya rage son zuciya, domin mai makaranta ba shi da ikon cewa ɗalibinsa ya ci alhali bai ci ba.

Sai dai mafi yawan masu ba da shawara a ƙauyukan Damargu ba ta wannan ƙofa suka shigo ba. Tun bayan yunwar 2005, ƙungiyoyin agaji suka horar da mutane da dama a Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da Tarka, aka ba su aikin wayar da kan iyaye mata da bin gida-gida. Wasunsu sun shekara goma ko fiye suna yi, sun ƙware ƙwarai. Wasu kuma an ɗauke su ne don sun san wani. Dukkansu takarda iri ɗaya ce a hannunsu, kuma babu wani daga waje da ya taɓa zama ya ga yadda suke magana da mai matsala.

Illar ta shafi ɓangare biyu. Ga jama'a, mai shawarar da ba a gwada ba na iya fallasa sakamakon gwajin mutum a ƙauyen da kowa ya san kowa, aure ya mutu, mutum ya daina zuwa karɓar magani. Yana iya yi wa uwa faɗa a gaban mutane har ta ƙi sake kawo yaro. Ga shi kansa ma'aikacin kuwa, ranar da aikin ƙungiya ya ƙare sai ya tarar takardarsa ba ta buɗe masa ƙofar gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Wannan ba hasashe ba ne. A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa ta USAID, a watan Fabrairu kuma hukumomin ƙasarmu suka sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya. Duk lokacin da irin wannan ƙofa ta rufe, ƙananan ma'aikatan ƙauye ne ke fara zama a gida.

Akwai kuma batun harshe. Shawara da baki ake yinta, da Hausa, Tamajak, Fulatanci ko Barbarci, amma jarrabawar da ake rubutawa da Faransanci ce. Ɗalibi na iya haddace darasin sauraren mai matsala ya ci maki mai kyau, ya zo Belbeji ya kasa gaisawa da tsohuwar Buzuwa yadda za ta saki jiki da shi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan haka ne, babu abin da zai hana a gwada mai ba da shawara da harshen da zai yi aiki da shi.

Ga ƴan uwa na ƙetare, batun ya wuce iyaka. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, kuma hukumar lafiya ta OOAS, wadda ta daidaita manhajojin horar da ma'aikatan lafiya a yankin, reshen CEDEAO ce. CAMES da ke Wagadugu, mai tantance takardun karatun gaba da sakandare, ita daban take, kuma Nijar na cikinta. A Najeriya, tun 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa rajistar masu sana'ar ba da shawara. Ma'ana, wanda ya tsallaka Kano da atestasiyon kwana goma kada ya sa ran za a ɗauke shi ƙwararre. Takardar da hukuma ta waje ta tantance ita ce ke iya tafiya.

Wasu za su ce, in aka tsananta gwaji, matan ƙauye da ba su yi lakwal ba amma suka fi kowa iya lallashi za a watsar da su. Wannan tsoro yana da tushe. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne, daga rugagen arewa kuma ya fi haka, ga kuɗin mota da na masauki. Maganin shi ne alƙalan su taso su zo. Ana iya haɗa mutum uku, malami daga ENSP, ma'aikaci daga ofishin lafiya na jiha, da wani daga wata gunduma da ke jin harshen wurin, waɗanda babu ɗayansu da ya koyar da mai jarrabawar. Su zauna a CSI, wani ya taka rawar mai matsala, su duba ko mai shawarar ya saurara kafin ya yi magana, ko ya nemi izini, ko ya san riƙe sirri, ko ya gane lokacin da abin ya fi ƙarfinsa ya tura mutum babbar likita. A Faransa tun 2002 doka ta ba wanda ya daɗe yana aiki damar gabatar da ƙwarewarsa gaban alƙalai ya samu difloma ba tare da ya koma aji ba. Irin wannan hanya ce ta dace da mutanenmu, kuma hukumomin gari da likitocin gundumomin biyu su ne ya kamata su fara kai buƙatar sama.

Kafin nan, ga mai aiko da kuɗi don a sa ƙane ko ɗiya a makarantar kiwon lafiya ko ta aikin jin daɗin jama'a, a yi tambaya uku kafin a biya ko jika guda. Makarantar na da izinin gwamnati na koyar da wannan fanni? Ɗalibanta na zama jarrabawar ƙasa, kuma nawa suka ci bara cikin nawa? A wace likita suke yin istaj, kuma wa ke duba su a can? A nemi ganin amsar a rubuce. Masu ba da shawara na ƙauyukanmu da ke son faɗin halin da suke ciki, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.